Zuwa ga Inna, Kan Sunan da Kika Ƙi Kira

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Allah ya haskaka makwancinki. 'Yarki ce Hajara. Akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa, yau dai zan faɗe ta kowa ya ji, ki yi haƙuri.

Maganar Yaya Habibu ce, ɗan farinki. Kin ga na rubuta sunansa. Ke kuwa har ya zama saurayi "wancan" kike ce masa. In ya shigo tsakar gida ki juya fuska wajen murhu, in tuwo ne ni kike miƙa wa kwanon. Duk garinmu Yammedi ana yabon kunyarki. To, an yaba, Inna.

Ni mai kai kwano ni na ga idonsa. Da damina ya fara bin 'yan ƙwadago, masu haɗiyar ƙwaya don kada su gaji da noma. Daga nan sai maganin tari. Ido ya yi jajur, ya ƙanƙance. Magana sai ya yi ta janta, kamar harshen ya yi masa nauyi. Yaron da ke riga liman zuwa masallaci ya koma barci har rana ta take. Ya daina cin tuwo, sai shayi da uban sukari. Ya watsar da abokan makaranta, ya kwaso wasu daga Rogo waɗanda ko gaisuwa ba su iya ba.

Na tsinci kwalabe a bayan rumbu, na kawo miki a bakin zanina. Na ce miki ban taɓa jin ya yi tari ba. Ko kallonsu ba ki yi ba, kika ce, "Maganar wancan ba a bakina ba, kai wa babanku." Baba kuwa shi ma ɗan farinsa ne, ya ce a kai wa Goggo. Goggo ta ce iska ce, aka shiga turare da rubutu. Wallahi da maganin tarin yake kora rubutun.

Wata ranar kasuwar Karaye aka kawo shi a amalanke. Ya kwanta gindin ɗorawa a gona, aka yi aka yi bai tashi ba, ashe rai ya yi halinsa. Kika fito ba mayafi, kika tallafo kansa, kika ƙura masa ido, kika ce, "Habibu." Ranar na fara jin sunan a bakinki. Da tun da damina kika kira shi haka, kika dubi idon nan, na rantse da ya ji nauyinki.

Ina jin haushinki har yau, ba zan ɓoye ba. Amma ban manta tsokar naman da kike binne masa a ƙarƙashin tuwo ba, ki ja kunnena kada in faɗi daga wa. Na san kina sonsa, Innata. Shi ne ban tabbata ya sani ba.

Yanzu nawa ɗan farin ya zama saurayi, shi ma Habibu. Duk sanda ya dawo sai na ƙwala masa kira, na kama haɓarsa, na duba idon, na shinshina bakin. Surukata ta ce ba ni da kunya. Gaskiyarta. A amalanken nan na bar kunyar.

Allah ya jiƙanki, ya jiƙan Yaya, ya haɗa ku a Aljanna ki kira shi ya amsa.

Taki har kullum,
Hajara.