Wayar Injin Ruwa a Mitar 'Yar Haya

Unguwar Rikoto, Zuru.

Zuwa ga Kawu Arzika,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali a Fatakwal. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan. Mu nan lafiya lau, Inna ta warke daga zazzaɓin, har ta koma gonar gyaɗarta. Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na rubuto, don maganar ta hana ni sakat.

Kawu, tun da na dawo daga bautar ƙasa ka damƙa mini kula da gidan marigayi Kaka. Sashen gabas mun ba Malama Gladys, malamar makaranta da aka yi wa canjin aiki daga Mahuta. Ranar da ta shiga na ɗauki hoton mitar wutar sashen a gabanta, na ba ta lambar sayen kati, na tabbatar mata babu kowa a kan mitar sai ita. Ashe ban bi wayar wutar ba.

Ba a jima ba ta zo ta ce katinta na ƙarewa kamar ana sha, alhali fanka ɗaya gare ta da ƙwan fitila. Na kira Haggai mai gyaran wuta, muka bi wayar har bayan gida. Injin rijiyar burtsatsen da Kaka ya haƙa wa unguwa sadaka, a mitarta yake. Da can Kaka ne a sashen, shi ke biya, babu wanda ya taɓa tambaya. Da na faɗa mata sai ta yi dariya, ta ce ba ta san duk Rikoto ta kama haya ba. Amma ta ce in ba a raba ba kafin ƙarshen wata, za ta tashi. Ka san da hayarta muke sa ran gyara rufin kafin damina.

Shekaranjiya na kashe injin. Da safe mata suka zo da bokitai, famfo a bushe. Baba Sa'adiya ta maƙwabta ta dube ni, ta tambaye ni ko ladan kakana ne ya yi mini yawa da har na zo tsinke shi. Malama Gladys ce ta fito da kayan makaranta a jiki, ta kunna injin da hannunta, ta ce kada a mai da ita matar da ta hana unguwa ruwa. Sai dai wa'adinta yana nan, ba ta janye ba.

Na duba ko'ina, mita ɗaya ta rage, ta sashenka da ke kulle. Na ce wa Haggai ya zo ran Asabar ya mai da wayar can. Ma'ana, Kawu, daga ranar kai za ka riƙa shayar da unguwa. Ban jira izininka ba. In na yi azarɓaɓi ka yi mini faɗa, zan ɗauka, amma ba zan iya sake tsayawa gaban bokitan nan ba.

Ka gaishe da Gwaggo Bushira, da Usama, da Khairunnisa. Inna na gaishe ku ƙwarai.

Ɗanka mai jiran amsa,
Zakiyyu