Wayar da Ba Za Ta Kawo Ki Wurina Ba

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farkon damina a kan ƙasar da ta gaji da jira. Zuwa ga mai yatsun da suka fi tunanina sauri, Sakatariyata, hasken rumfata. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kin tashi lafiya, ke da Umma da Yaya da duk mutanen gida.

Kin bar min aiki mai nauyi, ya ke abar ƙaunata, kuma kin bar shi kina murmushi kamar ba komai ba ne. Kin ce Oganki ya amince ofis ya saya miki sabuwar waya, ke za ki zaɓa, ni kuma tunda gyaran waya ne sana'ata in auna miki wayoyi ukun da kike tunani in faɗa miki gaskiya. Gaskiya! Kin kuwa san abin da kika roƙa?

Bari in fara da ta'aziyya. Tsohuwar wayarki mai botin ta tafi, tafiyar da ba dawowa. Na buɗe ta, na goge, na hura, na bi jijiyoyinta ɗaya bayan ɗaya da dalma, na canja batir, na lallashe ta kamar yadda ake lallashin yaro ya sha magani. Injin ya ƙone. Tana nan cikin aljihun teburina, na naɗe ta a ƙyalle mai tsabta, kuma na kasa jefa ta cikin kwalin gawarwakin da nake cirar kaya. Wasu haruffanta sun goge sarai saboda dannawa, sai sulɓi kawai ya rage. Nakan ɗora babban yatsana a kansu in ji gurbin da naki ya bari.

Allah ya jiƙan baiwar Allah, ta yi min hidima fiye da yadda ta yi miki! Ita ce ta fara kawo ki wannan ɗan lungu nawa da ke ƙarƙashin matakala, inda ba a ganin rana sai ta kwan fitila, inda duk mai hawa bene yake tako a kan kaina. Da farko ciwon gaske ne: bakin caji ya saki, sifika ta shaƙe, botin ɗaya ya maƙale. Daga baya kuma sai ciwon ya zama irin wanda likita ba ya gani. Kin tuna ranar da kika ce ta daina ƙara gaba ɗaya? Na duba na tarar sautin ne aka rage har ƙasa. Na ɗago ido, kin ɗauke kai kina nazarin rufi kamar ke kika gina shi. Na kwance bayanta, na hure ƙurar da babu, na mayar a hankali, kina zaune a kan bencina kina kaɗa ƙafa. Tela maƙwabcina har da tarin ƙarya, wai da wayar nan mutum ce da tuni an ba ta gado a asibiti. Yaya kuma tana waje cikin mota tana matsa oda, kin ce kullum sai ta tambaye ki ko wayar ce ba lafiya ko mai wayar.

Amma ranar da ta zauna min a rai ita ce ranar ruwan nan. Sama ta yi duhu da tsakar rana, aka ɗauke wuta, kekunan Tela suka yi shiru, masu hawa da sauka suka taru a bakin ƙofa suna kallon titi ya zama rafi. Kin shigo gefen mayafinki a jiƙe. Na miƙa miki wayar na gama gyara, sai ga saƙon Oga yana neman bayanin taron safe, yanzu-yanzu. Kika riƙe ta da hannu biyu a kan cinyarki, kika fara rubutu. Ba ki kalle ta ba ko sau ɗaya. Ni kike kallo! Kina ba ni labarin yadda kyanwar Umma ta haihu a cikin kwandon wanki, idonki a cikin nawa, yatsunki kuma suna can ƙasa suna ta ƙas-ƙas-ƙas, sautinsu yana gauraya da na ruwa a kan kwano har na rasa wanne ne wanne. Kika aika, kika nuna min: ba kuskure ko na harafi ɗaya. Wayyo ni! Ina mutum zai kai zuciyarsa bayan ya ga haka? Tun daga ranar, duk lokacin da hadari ya haɗo sai in ji kamar ke ce kike tahowa.

To, ga wayoyin da kika lissafa min, na auna su da idon sana'a, duk da zuciya tana ta ja min hannun riga.

Ta farko, siririyar nan da kowa ke riƙewa, gilashi gaba gilashi baya. Kyakkyawa ce, ba zan yi mata ƙazafi ba. Hotonta tas, saurinta ba magana, duk manhajar da kike nema za ki samu. Amma santsi gare ta kamar sabulu a hannun mai wanka, kuma rabin abincina daga fasassun fuskokinta nake ci. Ke kuwa na san ki: ki ɗora waya a kan tulin fayil, ki rungume, ki hau matakala da gudu. Ai ba za ta ga ƙarshen wata ba. Nan ne Shaiɗan ya matso kusa da kunnena, ya ce ga dama ta samu, ka ce ta ɗauki wannan, za ka riƙa ganinta har ka gaji. Na daɗe ina sauraronsa, ba zan ɓoye miki ba, don maganarsa ta yi daɗi. Sai na hango ki kin sunkuyar da kai kina farautar haruffa a kan gilashin da ba ya amsa wa yatsa, tana cusa miki kalmomin da ba ki faɗa ba, kina gogewa kina tsaki. Wadda take rubutu tana kallon mutane za ta koma kallon tafin hannunta. Na kore shi.

Ta biyu, babbar nan mai naɗewa kamar littafi. Idan aka buɗe ta, takardar ofis takan fito ɓaro-ɓaro, ba sai kin matse ido ba, wannan kam ta ciri tuta. Sai dai nauyi, ga cin caji, ga mahaɗin tsakiyarta da ke tara ƙura har ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Hannu biyu take so da ido biyu da teburi. Waya ce ta mai zama a kujera ana kawo masa shayi, ba ta wadda ake kira daga ofis uku a lokaci ɗaya ba. Ita ma za ta kawo ki wurina, amma da ɓacin rai za ki zo, kuma ni ba na son ganin girarki a haɗe ko da a bakin rumfata ne.

Sai ta ukun, wadda ba ta fito ba tukuna, wadda ake ta jira. Ban taɓa riƙe ta ba, hotunanta kawai na gani, sai abin da dillalin da ke kawo min kaya ya ji daga waɗanda suka gwada. Sama gilashi ne na shafawa, ƙasa kuma layukan botin na gaske, masu tudu, masu amsawa idan an danna. Ki shafa ki karanta, ki danna ki rubuta. An ce saƙonni da imel da jadawalin taro duk a wuri ɗaya suke, an ce batirinta yana kai mutum tashi daga aiki bai nemi soket ba, an ce makullinta yana da tsauri, sirrin ofis ba zai yi yawo ba. Tana da nata aibin. Fuskarta gajera ce tunda botin ya ci rabin wurin, kyamararta ba ta kai ta siririyar ba, za ta ɗan yi kauri a jaka, kuma sai kin yi haƙuri kin jira, ki lallaɓa da tsohuwar wayar Yaya kafin ta iso. Abin da ba a gani ba kuma ba a rantse a kansa. Amma da na ga hoton layukan nan sai na ji ƙas-ƙas ɗinki a kunnena, na ce wannan da yatsunki aka auna ta.

Ga inda ciwon yake, ya ke farin watana. An ce firam ɗinta ƙarfe ne, an gwada ta da faɗuwa ta tashi tana dariya. An ce a manne take ruf, babu noti ko ɗaya da sukundirebana zai kama. An ce kamfanin da ya yi ta shi kaɗai zai riƙa gyara abinsa, kayanta ba za su zo hannun irinmu ba. Kin gane? Idan tana lafiya ba ta buƙatata, idan ta kwanta ba wurina za a kawo ta ba. Wayar da ta fi dacewa da ke ita ce wadda za ta rufe hanyar da ke kawo ki ƙarƙashin matakalar nan.

Kwanakin nan aiki nake yi da rabin hankali. Ina riƙe da wayar wani, hayaƙin dalma yana tashi siriri, sai in ga ya zama hanya, ke kina tafe a kanta da sabuwar wayarki, kina wucewa ta gaban gininmu ba ki waiwayo ba, don me za ki waiwayo? Wani lokacin kuma sai in ga kin tsaya. In ga bencin ya yi tsawo ya zama gaɓar kogi, mu biyu a zaune, ba oda, ba Oga, ba mai tako a kanmu, iska tana wasa da bakin mayafinki, yatsunki a kwance cikin tafina sun huta. Sai Tela ya buga teburi ya ce in farka kafin in ƙona wayar mutane. Ya ce ciwon da ke damuna ba ya cikin waɗanda ake gyarawa da dalma. Bai yi ƙarya ba.

Duk da haka ga shawarata, ki kai wa Oga da bakinki: ta ukun. Ki jira ta. Ban taɓa saka miki kayan jabu a waya ba, ba kuwa zan fara saka miki shi a shawara ba. Gara in rasa dalilin ganinki da in zama dalilin da zai sa ki tsaya gaban manyanki da fasasshen gilashi ranar taro.

Yanzu kuwa da na sare reshen da nake zaune a kai, ba abin da ya rage min sai in faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa a bayan sukundireba. Ina son ki. Ina son ki son da ya hana ni jin daɗin rana idan ba ki ratso cikinta ba. Duk zuwan da kika yi, waya ce ta yi mana magana, mu muna fakewa a bayanta, ke ki ce ta lalace, ni in ce sai an duba. Ta mutu ta bar mu tsirara, ba mu da sauran abin riƙewa. Shin ashe wayar kaɗai kike kawowa, ni ne na yi ta gina gidaje a sama? Ko kuwa ke ma ƙafarki ta san hanyar nan ba don ita ba? Wannan tambayar ce take cin raina, kuma ba ni da na'urar da zan auna amsarta.

Ina roƙonki abu ɗaya, ya ke numfashina. Ki zo sau ɗaya hannu rabbana. Kada ki aro wayar kowa, kada ki rage sautin komai. Idan Yaya ta tambaye ki ina za ki, ki faɗa mata gaskiya, ai ta riga mu sani. Idan kin ba ni izini, ni ma zan wanke hannuna da kyau, in sa rigata mai guga, in zo in durƙusa in gaida Umma, in faɗi sunan abin da ya kawo ni. Idan kuma ba ki zo ba, ba zan bi ki da ƙorafi ba. Zan san kin samu waya mai kyau, kuma ni na zaɓa miki ita.

Amma idan kin zo, ki yi min uzuri, don bakina ya saba. Zan miƙo hannu in tambaye ki me ya lalace. Ki ce min babu komai, ki zauna.

Naki ne ni, yau da gobe da ranar da hannuna zai kasa riƙe noti, ba canji ba musanya,

Mai gyaranki na ƙarƙashin matakala.