Dawakai Biyu a Takardar Tsire

Agege, 6 ga Mayu, 2002

Zuwa ga Yaya Sadisu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Albishirinka, mahauta sun tsayar da ni takarar kansila a unguwarmu. Ga fasta ɗaya na ba Gambo direban motar shanu ya kawo maka. Ɗari uku aka buga mini a Iyana Ipaja. Duba saman kaina za ka ga tambarin ƙasa, dawakai biyu da mikiya. Ka san lokacin soja duk mun liƙa shi a rumfunanmu, ba wanda ya taɓa mu, shi ya sa na ce a sa mini babba. Mun liƙa su a bango, ragowar ashirin na raba wa masu tsire su naɗe nama, duk wanda ya ci ya ga fuskata.

Ka sa ni a addu'a.
Ƙaninka, Yusha'u

Wudil, 10 ga Mayu

Ƙanina Yusha'u,

Ina gaishe ka, ina gaida maiɗakinka Hajo. Fasta ta iso. Ka yi kyau, amma dawakan sun fi ka.

Shekara ashirin da biyu na yi ina magatakardan kotu, ban taɓa ganin wanda ya buga shaidar laifinsa har ɗari uku ba, ya kuma sa hotonsa don kada a sha wahalar nemansa. Tambarin nan na gwamnati ne. Doka ba ta yarda ɗan takara ya yi talla da shi ba, don kada jama'a su ɗauka gwamnati ce ta tsayar da shi. Sojan da ya ƙyale ku bai karanta dokar ba ne. Abokan takararka kuwa suna da lauyoyi, kuma lauya ba ya gajiya da karatu.

Ka cire su ranar da takardar nan ta same ka. Ban yi barcin kirki ba tun da na buɗe taka.

Allah ya tsare.
Yayanka, Sadisu

Agege, 14 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice, hankalina ba ya jikina. Takardarka da sammacin 'yan sanda rana ɗaya suka iso. Wani ya kai ƙara.

Na samu ogan 'yan sandan da fastata shimfiɗe a teburinsa, duk ta jiƙe da mai, da ragowar albasa a kan mikiyar. Ya taɓa aiki a Kano, yana jin Hausa. Ya ce, "Kansila, dawakan gwamnati ka barbaɗa wa yaji?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, girmama su na yi."

Ya ce, "Na ga alama."

Ya riga ya tambayi mai bugawar, ya san adadin. Ya ce in kawo ɗari ukun cif ranar Litinin da hantsi a ƙona a gabansa, maganar ta mutu. In ko ɗaya ta ɓace, zai rufe ni sai ranar kotu. Yaya, na ga ɗakin. Ta gabansa aka wuce da ni, mutane sun riƙe ƙarafa suna kallona.

Mahauta sun rufe rumfuna, muka bi bango da ruwan zafi muna ɓamɓarowa. Matanmu suka bi bola da bakin layin dogo suna tsinto na tsire. Har da ta teburinsa, ɗari biyu da casa'in da tara. Sau huɗu muna ƙirgawa. Hajo ta daina cin abinci. Ban san bangon da na manta ba.

Ka yafe mini duk abin da na taɓa yi maka.
Yusha'u

Wudil, Juma'a, 17 ga Mayu

Yusha'u,

Gaisuwa. Ba ka manta bango ba. Ta ɗari ukun kai ka aiko mini da hannunka. Tana ƙarƙashin katifata tun ranar da ta zo, don ko ni tsoron a gan ta a ɗakina nake.

Na ninke ta cikin takardar nan, na sa Gambo ya cusa a aljihun cikinsa. Za su tashi bayan masallaci. Ya ce Lahadi zai iso, in motar ba ta sake tsayawa a Jebba ba kamar wancan zuwan.

In Litinin ta yi ba ka karanta wannan ba, ina fatan ka tuna ka sa riga mai kauri.

Allah ya kawo Gambo lafiya.
Yayanka, Sadisu