A Biya Bursun Mijina Ko A Ba Shi Takardar Jirgi Ya Dawo

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Buron da ke kula da bursun ɗalibanmu masu karatu a ƙasashen waje,
Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ina kuma yi mana jajen wannan fari da ya game ƙasa, Allah ya kawo mana sauƙinsa.

Ranka ya daɗe, sunana Hadiza Mahamman. Malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, a unguwar Lazare. Asalinmu mutanen Tawa ne, amma a Yamai aka haife ni. Mijina, Isufu Abdu, yana cikin ɗaliban da buronka ya tura Turai. Ka taɓa ganina sau ɗaya, ko da yake ba na zaton ka riƙe fuskata. Na biyo ta jarida ne saboda wasiƙun da na miƙa da hannuna a buronka babu wadda aka amsa, kuma lokaci ya ƙure mini.

Na ɗaya. Isufu bai roƙi kowa ya kai shi Turai ba. Yana aikinsa a gonakin shinkafa na Saga, shi ke kula da injinan da ke jawo ruwa daga kogi, sai aka sanar da jarrabawa, ya zauna, ya ci. Aka ce ƙasa na bukatar masu sanin aikin ruwa da noman rani, aka tura shi karatun injiniya. Ya sa hannu cewa in ya gama zai yi wa ƙasa aiki shekara goma, in kuma ya dawo hannu wofi zai biya abin da aka kashe masa. Ku ma kun sa hannu cewa za ku biya kuɗin jami'a, da na ci, da na ɗaki, da jirgin dawowa. Ranar da ya tashi aka tsayar da albashinsa. Ya bar ni da yara biyu da cikin na uku. Shekara biyun farko bursu, wato kuɗin tallafin karatun, yana zuwa, a makare, amma yana zuwa. Tun bayan Babbar Sallar bara ko dala ba ta isa hannunsa ba. Bana kuwa ita ce shekararsa ta ƙarshe.

Na biyu. Na yi ta sintiri a buronka har masu gadi sun daina tambayar sunana. Nakan bar wa abokiyar aikina ajina, in tako da ƙafa don kada in kashe kuɗin taksi. An ce mini dosiyen Isufu, wato kundin takardunsa, yana sama yana jiran sa hannu. Na koma, aka ce ya sauko, amma mai makullin ya yi tafiya. Na koma, aka ce in kawo takardar aurenmu da hatimi, na kawo, aka ce hatimin ya tsufa. Daga ƙarshe wani ma'aikaci ya ce mini in ji tsoron Allah, kuɗin ƙasa duk sun tafi sayen hatsi saboda fari.

Wannan amsar na karɓe ta. Na koma gida na kama bakina, domin da idona nake ganin bukkokin da mutanen da fari ya koro suka kafa a bayan unguwarmu, kuma yaransu na zuwa leƙen ajina ta taga. Na ce in don su ne, mu ma mu yi haƙuri. Ina cikin wannan haƙurin na gamu da wata mata a kasuwar Lazare, wadda ɗanta ke karatu a gari ɗaya da mijina. Na yi mata jajen yankewar bursu, ta dube ni da mamaki. Ta ce na ɗanta bai taɓa yankewa ba, har rediyo ya aiko mata da shi. Tun daga ranar barcina ya ragu, domin na gane farin da ya cinye kuɗin Isufu ya san sunan da zai tsallake.

Na uku. Isufu mutum ne mai zurfin ciki. In ya rubuto, sai ya ce yana lafiya, sanyi ne kawai ya yi yawa. Gaskiyar ta zo mini ne ta bakin Sani, wani ɗan Damagaram da suka yi zaman ɗaki ɗaya. Shi Sani yayansa ɗan kasuwa ne, ya biya masa jirgi, ya bar karatun ya dawo. Ya zo gaishe ni, na ajiye masa dambu, ya daɗe yana dubansa bai sa hannu ba, sa'annan ya ce ba zai iya ɓoye mini ba.

Ya ce an fitar da su daga gidan ɗalibai a farkon sanyi saboda bashin ɗaki. Akwatin Isufu yana ajiye a wajen wani ɗan Senegal mai gidan abinci, shi kuma yana kwana a ƙasan ɗakin abokai, yau nan gobe can, don dokar gidan ta hana baƙo. Tun kafin asuba yake fita babbar kasuwar garin yana sauke akwatunan kayan lambu daga kamyo, wato manyan motocin kaya, ana biyansa rabin abin da ake biyan mai takardar izinin aiki. Daga can yake wucewa jami'a, ya zauna a bayan aji, alhali sunansa ba ya cikin ɗaliban bana tun da ba a biya ba. Wani malaminsu ne ke kau da kai. Wata rana akwati ya faɗo masa a ƙafa. Bai je asibiti ba, saboda wanda ba a biya wa jami'a ba ba shi da takardar magani. Ya ɗaure ƙafar da tsumma ya koma aiki, har yau yana ɗingishi. Takardarsa ta zama a ƙasar kuma ba za a sabunta ta ba sai ya nuna shaidar biyan kuɗin jami'a, ga jarrabawar ƙarshe tana matsowa.

Na tambayi Sani me ya sa su kaɗai. Ya ce lokacin da bursu ya fara makara ga kowa, ɗalibai sun taru sun je ofishin jakadancinmu su tambaya. Suka zaɓi Isufu ya yi magana, saboda shi ne babba cikinsu, mai iyali, kuma ba shi da zafin kai. An ba su kujeru, an saurare su, har kofi aka kawo musu, aka ce su tafi za a duba. Bayan ƴan makonni kuɗin kowa ya sauka, ban da na waɗanda suka buɗe baki a wurin. Sani na cikinsu.

Na huɗu. Da na ji haka na daina bin ƙananan ma'aikata. Na zauna a inuwar dogon yaron da ke ƙofar buronka har ka fito za ka shiga mota. Na durƙusa na gaishe ka, na faɗi sunan mijina. Ba ka nemi dosiye ba, ka san sunan. Abin da ka ce shi ne: "Madam, karatu aka aiki mijinki, ba siyasa ba. Ki faɗa masa ya koyi kame bakinsa." Direbanka ya rufe ƙofa, kuka tafi.

Ranka ya daɗe, na juya wannan magana a raina ta kowace fuska, ban ga siyasa a cikinta ba. Mutum yana jin yunwa a ƙasar da ba shi da kowa, ya je gidan da tutar ƙasarsa ke kaɗawa, ya yi sallama, ya tambayi abin da aka yi masa alkawari. In ba can ba, ina zai je? Tun da sojoji suka karɓi mulki kullum a rediyo ana kiranmu mu riƙe gaskiya da amana, ni ma abin da nake koya wa yara ke nan. Isufu ya riƙe tasa amanar, bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, sakamakonsa yana cikin dosiyen da ke hannunku. In akwai wani laifi da ya yi wanda ban sani ba, a faɗe shi, a kawo shi gida ya amsa a gaban alƙali. Ban san dokar da ta ce a hukunta mutum da yunwa da sanyi ba tare da an gaya masa laifinsa ba.

Na biyar. Ga abin da wannan hukunci ya yi wa gidana. Na sayar da ɗan babur ɗinsa mobilet, na sayar da keken ɗinkina, na sayar da ƴan kunnen da mahaifiyata ta bar mini. Duk kuɗin na aika masa ta gidan waya, kuma abin da zai riƙe mu wata guda a nan, a can mako ɗaya yake yi. Ana cikin haka surukata, Inna, ta iso daga ƙauyensu na arewacin Tawa a bayan kamyo, ita da ƙanwar Isufu da ƴaƴanta. Shanu sun mutu, rumbu babu ko tsaba. Albashina guda ya koma ciyar da gida biyu. Kowane ƙarshen wata sai in zauna da kuɗin a gabana, ko dai buhun hatsi don waɗanda nake gani, ko kuma in aika wa wanda ba na gani. Duk wanda na zaɓa, da nauyin ɗayan nake kwana.

Inna ta iso da tari, kuma jikinta bai sake ɗagawa ba. Ba ta san mene ne bursu ba, abin da ta sani ɗanta yana aikin gwamnati a nesa. Da jikin ya tsananta ta ce in kira mata shi. Na sake zuwa buronka, wannan karon ban ko ambaci kuɗin ci ba, takardar jirgi kawai na roƙa, ko da karatun zai lalace. Aka ce takardar jirgi sai wanda ya gama karatu ake ba. To ba a biya masa ya gama ba, kuma ba a ba shi hanyar dawowa ba. Ina so ka gaya mini me ake son ya yi.

Inna ta rasu ranar Juma'ar da ta wuce waccan. Na je gidan waya na nemi a haɗa ni da gidan abincin ɗan Senegal ɗin, aka kira Isufu. Na faɗa masa. Ina jin ƙarar kwanuka a bayansa, ina kallon agogon da ke cin kuɗina. Can ya ce: "Wa ya yi mata salla?" Na ce limamin unguwarmu, kuma mutane sun taru. Ya ce Allah ya saka musu. Ya fara tambayar lafiyar ƙaramin ɗanmu, wanda bai taɓa gani ba, sai kuɗina suka ƙare aka yanke layin.

Na shida, kuma gajere ne. Bana kogi ya ja baya har yara na ƙetare shi da ƙafa a Gudel. Manoman Saga da suka san Isufu, in sun gan ni a kasuwa, tambayarsu ɗaya ce, yaushe zai dawo. Mutumin da ƙasa ta kashe wa kuɗi ya koyo yadda ake kai ruwa gona, yana can yana ɗaukar akwatunan albasa da ƙafa ɗaya.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon a biya kuɗin jami'ar Isufu kafin a rufe rajistar jarrabawa, a kuma saki bursunsa da aka riƙe. In hakan ba zai yiwu ba, a ba shi takardar jirgi ya dawo, kuma kada a bi shi bashin karatun da ba shi ya katse ba. Ina roƙon a yi haka ga sauran da aka riƙe wa bursu tare da shi, domin akwai waɗanda iyayensu ke ƙauye, ba su iya rubutu ba, ba su ma san ƙofar buronka ba. Ina roƙon a amsa mini a rubuce, ko da amsar a'a ce, in san inda na tsaya.

Shugaban lakwal ɗinmu ya ga wannan wasiƙa kafin in kai ta. Ya roƙe ni in cire sunana, ya ce ni ma ma'aikaciyar gwamnati ce, ana iya jefa ni wani ƙauye mai nisa, ko abin da ya fi haka. Na gode masa, na bar sunan. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba, amma ban faɗi ko kalma ɗaya da ba zan iya maimaita ta a gabanka ba. In an ga dole sai an aiko a tafi da ni, ina aji kullum daga safe har azahar. Alfarma ɗaya nake nema, a jira yara su tashi.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare maka iyalinka, ya sa kada ɗanka ya kwana da yunwa a ƙasar da ba shi da kowa. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya saukar mana da ruwa mai albarka.

Wassalam.

Hadiza Mahamman,
Unguwar Lazare, Yamai.