Allunan da Na Saya wa Jirgin Baba

Bakin Kogin Koyukuk, Alaska
Farkon Disamba

Zuwa ga Yayana Cyrus,

Gaisuwa mai tarin yawa tare da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da Marisol da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikinka, ya sassauta muku zafin Arizona, ko da yake an ce yanzu kai ma rigar sanyi kake nema da zarar iska ta ɗan kaɗa da yamma. Mu nan lafiya lau. Kogi ya daskare da wuri bana, rana kuma leƙowa kawai take yi ta koma. Maigidana Wendell ya harbo mus guda, ƙatuwar barewar dajin nan, kafin a rufe farauta, nama ya wadace mu, Gwaggo Effie ta kwashe kan da ƙafafun kamar kullum, wai mu ba mu iya dafa su ba. 'Yarmu Oriana ta fara koyon ɗinkin fata a wurinta, ta yi wa babanta safar hannu biyu, duk na hagu.

Maganar allunan jirgi ce ta zaunar da ni rubutu, don a waya kai ke magana ni ke saurare har mu yi sallama. Ka san tsofaffin allunan sulɓin da Baba ya yi shekaru yana ɗaura wa ƙaramin jirgin samansa a madadin taya idan dusar ƙanƙara ta sauka. Na hagu ya tsage a ƙarshen sanyin bara, Kawu Linus ya duba ya ce ko shi da yake tayar da injin da ya mutu ba zai sa hannu a wannan ba. Tun da Baba ya bar mini tuƙi, ni ke kai masa fulawa da shayi da maganin zuciyarsa can Tafkin Agwagi, kuma da sanyi ba hanyar zuwa bukkarsa sai ta sama. Ke nan allunan da zan saya su za su yanke ko Baba zai ci gaba da zama a tafkinsa, ko zai dawo gari ya zauna a ɗakin bayan gidana yana kallon bango.

Tun da ka daɗe rabonka da dusa, bari in tuna maka yadda abin yake. Akwai alluna zalla, masu faɗi marasa nauyi, a cire taya gaba ɗaya a ɗaura su. Waɗannan suna tafiya a kan dusa mai laushi ko da ta kai ƙugu, amma ba sa sauka a filin jirgin birni inda ake share dusar har kwalta ta fito. Akwai kuma masu rami a tsakiya, taya na leƙowa ta ƙasa, waɗanda za su sauka a kwalta su sauka a dusa. Sai dai suna da nauyi, kuma tayar tana turjewa a dusa mai laushi, jirgi ya yi ta gurnani bai tashi ba. Kai ka ce masu taya, don in zuciyar Baba ta motsa in ɗauke shi daga ƙofar bukka kai tsaye zuwa asibitin Fairbanks. Ka ƙara da cewa in ba za su iya aiki a tafkin ba, to Baba ya haƙura ya dawo gari. Ban ga laifin maganarka ba, ni ma na so hakan.

Da na gaya wa Baba ta rediyon oba-oba, na ɗauka zai yi faɗa, don ka san ra'ayinsa a kan masu taya. Shi ke cewa su ba alluna ba, ba taya ba, sai nauyi. Amma bai yi musu ba ko kaɗan. Ya ce Cyrus ya yi gaskiya, a gwada, ya tambaye ni ranar da zan zo, ya sake tambaya don ya tabbatar. Gwaggo Effie tana zaune tana jin mu, ta ɗago kai daga ɗinkinta ta ce tun suna yara ba ta taɓa jin ƙanenta ya yarda da magana da wuri haka ba sai in akwai abin da ya ƙulla. Na ce mata tsufa ne. Ta ce in je dai in gani.

Kawu Linus ya aro mini masu taya a wurin wani abokinsa, muka ɗaura, na tashi ranar da na faɗa. Dusa ta zuba sosai a makon, kuma tafkin Baba ka san shi, gajere ne, itatuwa sun kewaye shi, iska ba ta shiga balle ta danne dusar. Na yi yadda ya koya mana: na sauko na ja allunan a kan dusar ba tare da na tsaya ba, na sake tashi na zagayo in ga ko sawun ya yi duhu, alamar akwai ruwa kwance a kan ƙanƙara. Sawun bai yi duhu ba. Hasali ma da ƙyar na gan shi, don allunan ba su nitse ba sam. Da na ƙara saukowa na duba sosai, sai na ga hanya doguwa tun daga bakin bukka har kusan ƙarshen tafkin, an jera rassa a gefenta, an tattake ta da faffaɗan takalman dusa, sawu a kan sawu kamar saƙar tabarma. Na sauka lami lafiya, ko a filin gari ban taɓa samun sauka mai daɗi haka ba.

Baba bai taso ya tarye ni ba. Na same shi zaune a kan keken sulɓin da karnuka ke ja, a gindin bukka, takalman na ɗaure a ƙafarsa, fuskarsa ta yi toka-toka, leɓensa ya canza launi, yana numfashi da baki. Ka san ya ƙi sayen babur ɗin dusa, karnukansa biyu kuma sun tsufa. Da ƙafa ya tattake hanyar nan, kai da kawo, tun ranar da muka yi magana, in sabuwar dusa ta rufe ya sake daga farko. Na zuba masa shayi daga butar da na zo da ita, na jira har ya shanye. Sannan ya dube ni ya ce, "To, Velma, kin ga sun sauka. Ki gaya wa yayanki allunansa suna aiki." Na ce masa na gani. Na tambaye shi wa zai tattake hanyar in dusa ta sake zuba jibi, da gata, har zuwa Afrilu. Ya ce, "Wa kuwa? Ai motsa jiki ne, likita ma ya ce in riƙa yi."

Na tsorata a ranar, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Na so in sa shi a kujerar baya in taho da shi, ya ƙi, ya ce tarkunansa na daji kuma ba ya barin karnuka da yunwa. Na kwana biyu a wurinsa har launinsa ya dawo, na taka masa hanyar da kaina kafin in tashi, don in san abin da ya sha. Ni da nake da ƙuruciya da lafiyar zuciya, kafin in kai rabi gumi ya jiƙa mini riga.

Da na dawo muka zauna da Kawu Linus a rumfar gyaransa. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce masu taya za su kai Baba asibiti, kuma su ne za su ba shi dalilin zuwa. In kuma na ce gwajin bai yi ba, Baba ya dawo gari, to shi Linus ya ga abin da ɗakin bayan gida ya yi wa tsofaffin daji, ba sa kai bazara biyu. Na mayar da masu tayar ga mai su, na sayi alluna zalla, mafi faɗin da jirgin zai ɗauka, masu roba a ƙasa don kada dusa ta manne, da ƙarami na wutsiya. Ba su buƙatar kowa ya tattake musu komai.

Ga abin da hakan yake nufi, don kada ka ce na rufe ka. In Baba ya kira ni ba lafiya, zan iya ɗauko shi ko dusa ta kai ina, amma iyakata kogin da ke gaban gari. Daga nan sai mu jira babban jirgi ya zo daga birni, in sama ta yarda. Wata rana jiran ba zai yi komai ba, wata rana zai yi. Na san abin da na saya, kuma ni na yanke, ba Baba ba. In za ka yi fushi, da ni za ka yi.

Makon jiya na kai masa kaya da sababbin allunan. Dusa ta rufe hanyarsa gaba ɗaya, ko rassan ba a gani, jirgin ya sauka a kanta ya zame har bakin bukka. Baba na tsaye yana jira, ba takalman dusa a ƙafarsa. Ya shimfiɗa sandunan nan biyu da yake yankowa kowace shekara don a hau kansu da alluna kada su daskare da ƙasa. Ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa allon dama da ƙafa, ya ce sun cika faɗi, a zamaninsu ba a wannan almubazzaranci. Da zan tafi na tambaye shi ko yana da saƙo gare ka. Ya dubi tafkin, sannan ya ce, "Ki ce masa na gwada nasa, iya ƙarfina. Kada ya ce ban ji maganarsa ba."

Ka gaida mini Marisol da kyau, ka ce mata busasshen kifin yana hanya. Ka shafa mini kan Theo da Junie. Wendell da Oriana suna gaishe ku, Kawu Linus ma haka, Gwaggo Effie ta ce ka turo hoton yaran na takarda, ba ta son na waya. Akwai kujera ɗaya a bayan jirgin in ka samu hutu kafin dusa ta narke. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Velma