Ƙarar Ruwa a Ɗakin Baba

Kaura Namoda,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Rahama, sanyin idona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya ruwan zafi, ya ƙarfin jiki? Ya Inna da mutanen gida, ya kuma ɗan baƙon namu? Na so in rubuta "Maman Ammar", sai na hango ki kin ja mayafi kin rufe fuska, na fasa. Tunda aka datse layukan waya ga mu mun koma takarda kamar kakanninmu. Rufa'i direba zai miƙa miki wannan idan ya shigo Shinkafi.

Ba zan ɓoye miki ba, hankalina a tashe yake. Baba ya ce ƙauye zai koma. Ya sa an sauko masa da gorarsa ta su da komarsa, ya ɗaure su wuri guda, wai da zarar gulbi ya ja baya zai bi motar Zurmi. Mutumin da idonsa ba ya ganin komai sai inuwa! Ƙauyen da kowa ya watse saboda mutanen daji! Na yi magiya har na gaji, ya ce shi kifi ne aka ajiye a tudu. Ba ya barci, abinci ma sai dai ya taɓa.

Sai na ce tunda ba zan kai shi gulbi ba, bari in kawo masa gulbi ɗaki. Kin tuna bidiyoyin akwatin kifin nan da kike cewa su ke cinye mini data? Allah ya taimake ni na sauke su tun kafin a datse. Akwati biyu ne na gilashi. Na sama shi ne na kifi. Na ƙasa, wanda ake ɓoyewa cikin kabad, shi ne mai wahalar: ruwa ya gangaro ta bututu, ya ratsa soso, ya ratsa tsakuwa, ɗan famfo mai aiki da batirin sola ya mayar da shi sama a tace. Sai an raba shi ɗaki uku da shinge, ni kuwa da robar nan mai kama da gilashi zan yi shingen, wadda nake yanka haruffan allunan shaguna da ita.

Dariya kike yi, na sani. Yi abinki, ni dai ki haɗa mini da addu'a.

Naki har kullum,
Faruku.


Kaura Namoda,
Ranar Laraba.

Rahamata,

Sallama irin ta addinin Musulunci, tare da fatan kin tashi lafiya ke da yaron. Takardarki ta iso, da ƙunshin yajin da Inna ta sammini. Ki yi mini godiya, ki ce angon ƙarni ya ga saƙo.

Kin ce kada in kashe kaina da warin gam in bar ki da jariri. Kwantar da hankalinki, Hajiya. A gindin dogonyaro nake aikin, inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu, ga safar hannu, ga takunkumi, ga tabarau. Da kin gan ni sai ki rantse tiyata zan yi. Ruwan gam ɗin da ke narka roba ya haɗe ta da 'yar'uwarta da sirinji nake ɗiga shi, kuma ba na bari kowa ya matso. Wajen manna roba da gilashi kuwa sai silikon, shi ma ba na banɗaki mai maganin funfuna ba, wannan kashe kifi yake yi.

Sai dai na yi ɓarna. Na yanka shingayen cif-cif, ko allura ba ta shiga tsakaninsu da gilashi, ina ta yabon kaina. Ashe robar nan idan ta jima cikin ruwa, ga zafin rana, kumbura take yi. Ina cikin alwalar la'asar na ji ƙas! Gefen tankin ya tsage, ruwa ya malale tsakar gida har gindin turminki. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Sauri ya haifi nawa.

Na sake sabon gilashi. Wannan karon na bar rata kamar kaurin tsinken ashana a kowane gefe, na goge bakin robar da samfefa, na zuba silikon mai kauri gaba da baya ya riƙe ta kamar kwarmi, don shi ba ya kama roba yadda yake kama gilashi. Ba zan zuba ruwa ba sai tsamin warinsa ya tafi sarai.

Af, kafin ya tsage, ranar da na gwada famfon, ruwan yana ta ɓulɓul yana zuba, Baba ya lalubo kujerarsa ya zauna kusa. Inuwa yake nema, bawan Allah. Dole na tashe shi, don ina gefe ina haɗa murfi da ruwan gam. Ƙarar ma aibi ce, masu bidiyo sun ce tanki mai kyau ba a jin motsinsa. Zan gyara.

Gidan nan ba daɗi babu ke. Ko tuwon da nake saye ya san haka.

Mijinki,
Faruku.


Kaura Namoda,
Ranar Litinin.

Rahama,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta yaron da ta Inna. Yau takardar gajera ce, ki yi haƙuri.

An gama. Ko ɗigo ba ya yoyo. Na ƙara wa bututun tsawo ya nutse cikin ruwan tankin ƙasa, ya yi tsit kamar ba a kunna ba. Na samo 'ya'yan karfasa daga masuntan gulbin Gagare, na kai komai ɗakin Baba, na riƙo hannunsa na kawo shi gaban gilashin.

Ya kusanto da fuskarsa, ya daɗe. Ya tsoma hannu, wani ɗan kifi ya taɓa yatsarsa. Ya tambaye ni ko na kunna, na ce ai tun ɗazu yake aiki. Sai ya sa mini albarka, irin albarkar da ake sa wa yaron da ya yi ƙoƙari. Da yamma ya aika aka gaya wa Rufa'i ya ajiye masa gidan gaba ranar Juma'a, ranar da yake bin hanyar Zurmi.

Rahama, na shiga ɗakinki na rufe ƙofa na yi kuka. Idan ya tafi, ban san ko zai sake ɗaukar jaririnmu, takwaransa, ba. Ba zan iya ɗaure mahaifina da igiya ba, kuma ba ni da sauran dabara.

Naki,
Faruku.


Kaura Namoda,
Ranar Asabar.

Maman Ammar,

Eh, na rubuta, rufe fuskar in kin ga dama! Assalamu alaikum, ya jego, ya kowa da kowa? Zauna ki ji ikon Allah.

Jiya da hantsi Baba ya yi wanka ya sa rigarsa, ƙunshinsa na bakin ƙofa, muna jiran Rufa'i. Ni kuma don kada in tsaya ina kallonsa, na buɗe kabad na zare ƙarin bututun nan zan wanke soso. Sai ruwan ya koma faɗowa daga sama, yana dukan na ƙasa, yana tsallake shinge yana ɓulɓul. Na fita zubar da bokiti. Ina dawowa na tarar da Baba zaune dirshan a ƙasa da farar rigarsa, ya jingina kansa da kabad ɗin. Kifin na sama ko ta kansu bai bi ba.

Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Can ya ce haka ruwa yake yi a bayan gidanmu na ƙauye, inda yake tsallake dutse, wurin da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, take wanki. Ya ce rannan a gindin dogonyaro ya ji shi, na kore shi, daga baya kuma na kashe. Kin ji ni da wayo! Na ɓata makonni ina ƙawata wa makaho abin kallo, abin da kunnensa ke nema kuwa ni da hannuna na toshe shi.

Rufa'i ya zo ya yi ta hon. Na leƙa in gaya wa Baba, na samu barci ya kwashe shi a wurin, har da minshari. Rabon da in ji minsharin nan tun muna ƙauye. Na fita na ce wa Rufa'i ya ba wani gidan gaban. Da ƙyar na tashi Baba muka samu Juma'a.

Ban ce ya manta da ƙauye ba, kuma bai ce ya fasa ba. Amma da muka dawo masallaci ya lalubi gorar ya rataye ta a ƙusa da kansa, ya ci tuwo har da ƙari. Ya ce in gaya miki, ranar da kika yi arba'in kada a sauke takwaransa ko'ina sai ɗakinsa, don jikan masunci ya kamata ya san muryar ruwa kafin ya saba da ta janareto.

Ki gaida Inna, ki shafa mini kan yaron. Ki dawo da wuri, muna jiranki mu biyu. Ƙarin bututun kuwa na jefa shi kan rufi, kada wata rana wayona ya sake motsawa.

Naki, mai ƙaunarki,
Faruku.