Zanen Ƙayar Kifi

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Laftof ɗin ta sake tsayawa yau ina tsakiyar aika zane zuwa keken ɗinkin. Sau uku. Saura wata ɗaya Babbar Sallah, shadda ta cika shago har kan benci, ita kuma yanzu ta ga damar yin gardama.

Na kai wa Jamalu a shagonsa na bakin tasha. Wa zan kai wa in ba shi ba? Tun muna firamare muke tare, kwano ɗaya muka ci a gidansu. Ya danna nan, ya danna can, ya ce bairos ne ya cinye ta, sai an yi mata fomat, a goge komai a ɗora sabon windo. Na ce masa zanena na shekara bakwai yana ciki, na wuya, na aljihu, na hannu, sun haura ɗari uku, kuma babu wanda na kwaso a wani wuri, da hannuna na zana su.

Ya yi dariya. "Haba Garzali, ni za ka koya wa aiki? Sai na kwashe maka su tas kafin in taɓa ta."

Na bar masa ita na taho.

Laraba, 7 ga Mayu

Da kansa ya kawo ta. Tun daga yadda ya yi sallama na san babu lafiya.

Ya ce ya kwafe su, ya yi fomat ɗin, da ya zo mayarwa sai ya tarar fayilolin duk sun lalace, ko ɗaya bai buɗe ba. Yana magana yana kallon ƙasa. Wallahi tausayinsa ne ya kama ni. Ni na riƙa ba shi haƙuri, ina cewa ƙaddara ce. Har zoɓo na saya masa.

Da ya tafi na kunna ta. Tana gudu kamar sabuwa, babu komai a cikinta.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ban ci abinci ba. Matata Sakina ta ce in ban ci ba ita ma ba za ta ci ba, sai na ci loma biyu don a zauna lafiya.

Litinin, 12 ga Mayu

Ina ta ƙoƙarin sake zana su da ka. Kwana huɗu, shida kawai na fitar, su ma ba su kai na da ba. Mutum uku sun zo sun karɓe yadinsu. Ban ga laifinsu ba.

Wanda ya fi ci min rai shi ne ƙayar kifi. A bakin kogi na same shi, ranar da na tsaya ina kallon wata mai suya tana zare ƙayar tarwaɗa. Sati uku ina gyara shi, layi biyu suna sauka daga wuya suna haɗuwa a ƙirji. Ban ɗinka wa kowa ba, ko Sakina ban nuna wa ba. Na ajiye shi ne don kaftanina na Sallah. Yau na gwada, hannuna ya ƙi tuna shi.

Juma'a, 16 ga Mayu

Allah Ya yafe min, ban san me na karanta a zaman tahiya ba.

Wani bawan Allah ne ya tsaya kusa da ni a sahu, farar shadda, zare ruwan toka. Tun kafin a tayar na ga ƙirjinsa. Ƙayar kifi. Nawa, har ɗan lanƙwasan da na yi wa ƙaya ta ƙarshe.

Bayan sallama muka gaisa, na yaba ɗinkin, na tambayi inda aka yi masa. Ya ce sabon shagon Saifuddeen a Sabon Gari, ai yaron yana da zane kala-kala.

Saifuddeen ƙanen matar Jamalu ne. Watan jiya ya sayi keken ɗinki.

Asabar, 17 ga Mayu

Na je. Na ce zuwa na yi in yi masa murnar sabon shago. Ya tarbe ni da fara'a, ya ba ni kujera, ya juyo min da kwamfutarsa don in ga kayan aiki. Ko sunayen ba a canza ba. "Na Alhaji Dabo." "Wuyan ango 2." "Kada a ba kowa." Ni na rubuta wannan na ƙarshen, a kan ƙayar kifi.

Ya ce, "Yaya Jamalu ne ya samo min a intanet."

Na kalli fuskarsa sosai. Bai san komai ba. Na ce Allah Ya sa albarka, na fito. Sai da na kai gida na tuna a ƙofar shagonsa na bar babur.

Lahadi, 18 ga Mayu

Zoɓon nan ne yake ta dawo min. Ni na saya masa zoɓo!

Talata, 20 ga Mayu

Na sami Jamalu a shagonsa shi kaɗai. Ban ɗaga murya ba, na ce na je wurin Saifuddeen. Ya daɗe yana juya sukundireba a hannu.

Da ma ya musanta, da ya fi min sauƙi. Cewa ya yi yaron ya sayar da gonar gadonsa ya sayi keken, ba shi da zane ko ɗaya, ba shi da kwastoma. "Kai kana da suna, kana da hannu. Na ce Sallar nan ɗaya kawai ya samu ya tsaya da ƙafarsa. Bayan Sallah sai in ce maka na yi dabara na dawo da su."

Wato har ranar da zan yi masa godiya ya tsara.

Na ce me ya hana ka tambaye ni? Ya ce ya san ba zan bayar ba. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa. Da ya tambaya, ashirin dai da na ba yaron, ina jin. Ko goma. Yanzu babu yadda za a yi in sani.

Ya buɗe durowa ya miƙo min filash. Tun farko a nan suke, taku biyu daga inda nake zama in na zo hira.

Alhamis, 22 ga Mayu

Duk suna nan, ɗari uku da goma sha huɗu. Na zaci zan yi murna.

Na kasa aiki da windon da ya ɗora. Duk sanda na kunna sai in ji kamar yana leƙena. Yau na goge shi da kaina. Sakina ta riƙe min waya muna kallon bidiyon yadda ake yi, tana tsayarwa ina dannawa. Da kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata zan goge komai, na danna ban ko tsaya ba. Awa biyu ta gama. Ashe abin da nake kai masa shekara da shekaru ke nan.

Sakina ta ce in kai maganar wurin manya. In ce musu me? Kowa zai ce ai ya dawo maka da su.

Juma'a, 30 ga Mayu

Aiki ya dawo. Saifuddeen na bar shi da su, ba shi ya ci amanata ba. Kaftanina kuwa na ɗinka shi haka nan, babu aiki a wuya.

Juma'a, 6 ga Yuni, ranar Sallah

A filin idi na ƙirga ƙayar kifi tara kafin in hana kaina.

Bayan huɗuba Jamalu ya ratso mutane ya zo. Na ba shi hannu. Na tambayi iyali, na tambayi Innarsu, na tambayi gajiyar Sallah da rago, babu abin da na rage. Sakina ma da na ba ta labari ta ce na kyauta. Ni ma ina ganin komai ya wuce, ba na jin haushinsa kamar da.

Abu ɗaya ne dai. Da za mu rabu na ce, "To Malam Jamaluddeen, a gaida gida." Ban shirya faɗar haka ba, fitowa kawai ya yi. Shekara talatin ban taɓa kiransa da wannan sunan ba.

Ya tsaya yana kallona, hannunsa cikin nawa. Na jira in ji ko zan gyara. Ban gyara ba.